Kwana Biyu na Ƙari

Goggo Aaltje ta biya kuɗin rangadi tun ana sanyi:
motar tsofaffi, kujera ta sha tara, jikin taga.
Ranar Laraba za su taso daga Leeuwarden,
jagoransu wani yaro, Hidde, mai jar lema.
Awa uku a lambun furanni, shayi, hoto, sai gida.
Na ce ba za ta saɓu ba.
Ki sauka a Haarlem, Goggo, in ƙara miki kwana biyu.

Daren nan na shimfiɗa taswira bisa tebur,
na danne kusurwarta da kwalbar zuma.
Alhamis da hantsi, kwalekwale a magudanan Leiden.
Da yamma, injinan niƙa masu fikafikai.
Juma'a, kasuwar cuku a Alkmaar, kada mu makara.
Na ƙirga matakalar kowace tasha saboda gwiwarta,
na sa alama inda benci yake, inda banɗaki yake.
Sau huɗu na duba hasashen ruwa,
babu biyun da bakinsu ya zo ɗaya.

Na karanta mata ta waya.
Shiru, sai ƙarar cokali cikin kofi.
Can ta ce, "Renske, cuku kam ina da shi a firji.
Akwai wata gona bayan Hillegom, kusa da layin dogo,
inda na ɓare albasar tulif ina 'yar sha uku
har farcena ya daina tsiro daidai.
Can nake so."

Gonar ba ta cikin taswira.
Kwana uku ina tambaya kafin wani mai gyaran keke
ya zana mini hanya a bayan rasit.

Laraba ta sauko daga motar da takarda a wuya,
sunanta da lambar Hidde, kamar kayan aike.
Na ce yaya lambun? Ta ce, "Ƙeyar mutane na gani."

Alhamis muka isa, iska na fizgar gyalenta.
Na tsaya, gabana ya faɗi.
Ko fure ɗaya babu.
Kore ne zalla, kara bayan kara, duk an fille kawunan,
ja da rawaya zube a kwarin kunya
kamar an share gidan biki.
Manomin, wai shi Teun, ya ce jiya injin ya bi ta kai.
Na ce, "Goggo, mun makara da kwana ɗaya."

Dariya ta yi har da tari.
"Furen ai na baƙi ne, yarinya.
In ba a cire kan ba, ta ƙasa ba ta ƙiba."
Ta kife wani akwatin katako ta zauna,
ta tura yatsa cikin rairayi har gaɓa ta biyu.
Ta ce a sanyin yunwa, ƙarshen yaƙi, tana 'yar biyar,
uwarta ta dafa musu irin wannan albasa,
ta ce musu dankali ne.
"Mun san ƙarya take. Mun cinye, mun ce da daɗi."

Jirgin ƙasa ya wuce, bai tsaya ba.
Tikitin kwalekwale biyu na cikin aljihuna,
lokacinsu ya wuce ina jin su da yatsa.
Teun ya kawo kofi a murfin fulas, suka shiga hirar taki
da sunayen mutanen da duk sun mutu.

Sai wajen ƙarfe biyu ta ɗaure 'yan furanni a hankici,
ta miƙo hannu in tashe ta.
"To, ina banɗakin nan da kika rubuta?"
Na buɗe takardata. Yana nan, minti shida a mota.

Juma'a kuwa mun je Alkmaar.
Ta kushe farashin, ta sayi rabin kilo.